Ciyayya ta Bayan Taga

Lokacin korona ina aiki a sashen gaggawa a Gwandu, iyalina kuma suna Kalgo. Kullum sai in shiga rigar leda daga kai har ƙafa, ga takunkumi, ga tabarau, zufa na taruwa a takalmina har ina jin tana motsi in na taka.

Wata rana aka kawo wani dattijo daga Dodoru, numfashi na yi masa wuya. Muka killace shi a ɗaki shi kaɗai, muka sa masa iska. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Wa yak kawo buhun taki asibiti?" Sunan nan ya bi ni har wurin masu shara.

Numfashi ya fara daidaita, amma dattijo ya ƙi cin abinci. Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi barazanar zura masa roba ta hanci. Jikinsa na ta zubewa a gabana, kuma gaskiya tsoro ya kama ni, don na san in bai ci ba magani ba zai riƙe shi ba.

"Baba, tuwon ne bai yi ba?"

"Tuwo ya yi. Amma ni tun da anka haihe ni ban taɓa sa hannu kwano ni ɗai ba. Sai yanzu da hurhura?"

Ashe a ƙofar gidansa kowane maƙwabci kan fito da kwanonsa a haɗu a ci. Waɗannan maƙwabtan ne kullum suke zuwa dubiya a kan babura, ni kuma kullum ina sa maigadi ya kore su.

Washegari na ce a bar su su shigo, amma ta bayan ɗaki. Aka shimfiɗa musu tabarma nesa da taga, muka jawo gadon dattijo inda zai hango su. Suka buɗe kwanoni: tuwon shinkafa, miyar kuka, kifi. Wani tsoho mai haƙori ɗaya, ɗan baffansa, ya ɗaga loma ya ƙwala masa kira: "In ba ka ci, mutu da wuri, gonarka ta fadama nika so!"

Dattijo ya yunƙura ya zauna. "Buhun taki, miƙo min kwanon ga! Wanga ɓarawo ba ya gadona!"

Ya cinye tas, yana ci yana mayar da zagi, ni kuwa dariya ta sa tabarauna ya yi hazo har ban ganin komai.

Da na zo ɗaukar kwano ya riƙe min hannun riga. "To kai, da wa kaka ci?"

Na kawar da kai, na dubi kwanon da ke hannuna. Tun da cutar ta shigo, a mota nake cin nawa, a ƙofar gidana, yarana suna leƙo ni ta katanga.

Ya gyaɗa kai. "Gobe taho da naka. Ka zamna can wajensu, ka hidda ledar ga."