Wandon Yayana da Ruwan da Ban Roƙa Ba

Abubuwa da yawa na zamana a Dakoro sun fara ɓace mini, har da fuskokin wasu ɗalibaina, amma ranar da na tsoma wandon yayana cikin ruwan jabel, sinadarin nan mai mayar da tufa fari, ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Wataƙila wani ya ga abin bai kai a rubuta ba. Ni ma na daɗe ina ganin haka.

Shekarar da na gama jami'a aka turo ni garin in koyar a wani kwaleji. Ban san kowa ba. Na kama ɗaki a bakin ƙofar gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, ita kuma Mushe take ce mini, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko. In gaishe ta da safe, in gaishe ta da yamma, in shige ɗaki in tura ƙyaure. Ba ƙin mutane nake ba. Tsoro nake kada in zame wa wani nauyi. Bayan magariba ina jin su a tsakar gida, ita da jikokinta, suna cin tuwo suna dariya, ni kuwa ina zaune da biredi da shayi. Ruwana ma daban yake. 'Yan ga-ruwa ke cika mini bido, wato jarka, in ɗiga masa jabel kaɗan saboda gudun ciwon ciki.

Wandon kuwa jins ne na yayana, mai gyaran babura, wanda ya rasu shekarar da na shiga jami'a. Da aka yi sadaka da tufafinsa, wannan ya rage domin gwiwoyinsa sun yage. Na yanke shi ya koma gajere, ina sa shi a ɗaki kawai. A aljihun baya akwai tabon baƙin mai da ya ƙi fita, daidai inda yake goge yatsunsa in zai ɗauki waya. Ba ni da wani abu nasa sai shi.

Wata rana jabel ɗina ya zube a ƙafar wandon, ya bar farin tabo kamar tafin hannu. Abin ya dame ni fiye da yadda ya kamata. Can na gani a waya yadda ake sabunta tsohon jins: a tsoma ƙasansa cikin ruwan jabel, a riƙa ɗago shi sannu a hankali har launin ya sauko daga duhu zuwa fari, sannan a rina bakin da galura. Na ce in na yi haka tabon zai ɓace a cikin farin. Na karanta bayanin na sake karantawa, na gwada a tsumma, ranar kasuwa na sayo galura koriya. Duk inda na duba, gargaɗin ɗaya ne: a ɗauraye jabel ɗin sosai, in ba haka ba zai ci zaren. Don haka ba zan ce ban sani ba.

Bazara ce, famfo ya ɗauke, 'yan ga-ruwa kuma sun yi wuyar gani. Ruwan bidona ya yi rabi. Da na jira da ya fi, amma Lahadi ce, yinin ya yi mini tsawo, ɗakin ya yi shiru da yawa. Na ce wa kaina ina jin zai isa.

Aikin ya yi kyau da farko. Ina riƙe da ƙugun wandon ina ɗagowa kaɗan-kaɗan, warin jabel na shiga idona, har na ga launin ya jeru kamar sararin sama bayan asuba, duhu a sama, haske a ƙasa. Tabon ya ɓace. Na tuna har murmushi na yi ni kaɗai, na waiwaya kamar akwai wanda zan nuna wa.

Ɗauraya ɗaya ruwan ya ƙare. Wandon yana nan da warinsa, yana santsi a hannu. Randunan Inna kuwa suna ƙarƙashin rumfa, cike, domin da safiyar ranar jikokinta suka kawo ruwa daga rijiya a amalanken jaki. Na ɗauki bokiti na fito. Tana zaune a tabarma tana tsintar wake, ta ɗago ta ce, "Mushe, lafiya dai?"

Na dubi randunan, na tuna nisan rijiyar da zurfinta, na tuna a wanki zan zubar da ruwan, ba sha zan yi ba. Sai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau, Inna." Na kife bokitin a rana kamar shanya shi na fito yi, na koma ɗaki.

Haka na rina shi, na shanya a igiyar bayan ɗaki, ina lallashin kaina cewa wataƙila rana za ta kashe sauran jabel ɗin. Koriyar ba ta zauna ba, ta koma kalar toka. Da aka samu ruwa bayan 'yan kwanaki na sa shi a bokiti, ina matsawa na ji ya buɗe a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Duk inda na taɓa sai ya bi yatsana.

A bakin ƙofa Inna ta same ni zaune da shi a cinya. Ta ce, "Mushe, mi ya ci maka wando haka? In akuyarmu ce faɗa mani in ja mata kunne."

Na so in yi dariya in rufe maganar, amma na kasa. Na faɗa mata na wane ne. Tun zuwana garin, ranar na fara ambatar rasuwar yayana da bakina. Ta zauna a dakali, ta yi masa addu'a. Can ta tambaye ni ko ranar da na fito da bokiti ruwa nake so. Na ce e.

Ta girgiza kai ta ce, "Kai ko, ɗan nan. Mu nan mun ɗauka ƙyamar ruwanmu kake yi. Yara sun ce sai ka ɗiga magani kake sha. Shi ya sa ko moɗa ɗaya ban taɓa aiko maka ba, kada ka amsa don kunya ka je ka zubar."

Ashe duk watannin nan ina gudun in takura mata, ita kuma tana gudun ta takura mini, katanga ɗaya tsakaninmu.

Ta aika aka kawo almakashi, ta bi wandon tana jan zaren da yatsa har ta kai inda jabel bai hau ba. Aljihun baya ne kaɗai ya tsira, da tabon mansa. Ta yanko mini shi, sauran kuwa ko tsumma bai yi ba. Washegari na tarar da 'yar randa a bakin ɗakina, an rufe ta da faifai. Na sha ban ɗiga komai ba.

Ba zan ce daga ranar na zama mai shiga mutane ba. Har na bar Dakoro yawancin darena ni kaɗai na ci abinci, sai jefi-jefi in zauna a tabarmarsu. Aljihun yana cikin akwatina har yanzu. In na gan shi nakan tuna cewa na kiyaye duk abin da aka rubuta, sai abu ɗaya da ke buƙatar in buɗe baki. Na koyi cewa kamewar da nake ɗauka ladabi ce, wani lokaci raini take zama a idon maƙwabci, kuma bokiti ɗaya da na ji nauyin roƙa shi ya raba ni da abin da ya rage mini na ɗan'uwana.