Anti Shiru da Mutanen Akurki

A kamfanin inshorar da take aiki, Anti Shiru kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Gajeriyar mace ce mai tabarau, wadda za ta wuni a gaban kwamfuta ba ka ji muryarta ba sai in ka gaishe ta, kuma ko gaisuwar ba ta ja da nisa. Sababbin ma'aikata kan ɗauka girman kai ne, sai sun kwana biyu su gane haka Allah ya yi ta. A gida ma mijinta, direban motar makaranta, shi ke yin maganar mutum biyu. Yakan gaya wa abokansa cewa tun da suka yi aure ba ta taɓa katse shi ba, shi ya sa har yau bai ƙarasa labarin da ya fara ba ta a ranar farko ba.

'Yar tela ce. A ƙarƙashin teburin yanka na babanta ta tashi, inda guntayen alli ke faɗowa, kuma da su ta fara zana masu zuwa awo a kan siminti: mai tumbin da ke tsuke ciki in an zagaya masa tef, da matar da ke rantsuwa cewa rigar ce ta motse, ba ita ta ƙara jiki ba. Babanta yakan sa ƙafa ya rufe zanen har mai kaya ya fita, sannan ya ɗaga ya yi dariyarsa. Ta so ta karanci zane, amma ita ce babba, ga ƙanne a baya, sai aka kai ta koyon buga tafireta don shi ne mai aiki a kusa. Ba ta yi gardama ba. Da tafireta ta shiga kamfanin, da aka kawo kwamfuta ta koya, ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, zane kuwa ya koma abin da hannunta ke yi a gefen takarda in tana jiran wani abu.

Rayuwarta ta sauya ne lokacin da kamfanin ya koma sabon gini. A tsohon ofis mutum uku-uku ne a ɗaki, da tagarsu da hirarsu. A sabon kuwa zaure ne guda makeke, an yayyanka shi da alluna masu kai wa mutum ƙirji, kowa da ɗan lungunsa, tebur da kujera da kwamfuta. Maƙwabcinta na dama, wani ma'aikacin sashen biyan diyya da ake kira Dogo, shi ya fara leƙa nasa ya ce ai wannan akurki ne, saura a zuba musu tsaba. Sunan ya bi wurin.

Tare da ginin aka kawo sabon manaja, matashi mai kwat da faffaɗan nektai. Ba mugu ba ne, amma Allah ya ɗora masa son taro. Kullum sai ya tuna musu cewa su iyali ɗaya ne, sannan ya shige ofishinsa na gilashi ya rufe ƙofa don kada sanyin esi ya fita. Aka kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, wadda ba ta gane yatsan duk wanda ya shafa mai. Aka hana leƙa akurkin juna, in kana son abu wurin na kusa da kai sai ka tura masa saƙo ta kwamfuta, alhali kana jin tarinsa. Zauren ya yi tsit. Mutanen da suka shekara suna cin abinci tare suka koma gaisuwar ɗaga hannu.

Wata rana manaja ya kira taro a kan yadda za a rage yawan taro. Aka wuni ana magana, aka tashi da kafa kwamiti. Anti Shiru ta koma akurkinta, ta jawo bayan wata takardar da firinta ta ɓata, ta ja gida huɗu. A na farko ga wani mai ƙaramin kai da ƙaton nektai, ta sa masa suna Oga Taro, yana shelar cewa taro ya yi yawa. A na biyu an kafa kwamiti. A na uku 'yan kwamitin sun fara furfura. A na ƙarshe duk sun dogara sanda, Oga Taro yana cewa tunda ba a cimma matsaya ba a ɗage zuwa mako mai zuwa.

Ta manta cewa allon da ke tsakaninta da Dogo bai kai masa ko'ina ba. Sai jin wani irin sauti ta yi a samanta, kamar mutum ya ƙware da ruwa. Ta ɗaga kai ta gan shi ya toshe baki, hawaye na zuba.

"Anti, dama haka kike? Shekara da shekaru muna zaune da ke kina ɗaukar mu hoto a ka?"

Ta yi ƙoƙarin tura takardar ƙarƙashin fayil, ya roƙe ta ya ce ba zai faɗi mai shi ba. Kafin a tashi aiki zanen na manne a lungun da ake dafa shayi.

Daga nan abin ya zama na kowace Litinin. Aka samu Malam Gobe, wanda ko gobara aka ce ta tashi zai ce a dawo gobe. Aka samu Madam Kwafi, wadda ko barka da asuba za ta tura maka sai ta sa manaja a kwafi, wato shi ma saƙon ya je masa. Aka samu firintar da ba ta aiki sai mai gyara na tsaye a kanta. Lungun shayi ya koma dandali. Mutane suka riƙa tsayawa da kofi a hannu suna gardamar wa ake nufi, kuma wanda aka zana Malam Gobe daga gare shi ya fi kowa dariya, yana nuna wani da baki yana cewa wallahi an kama shi. Anti Shiru takan zo ta zuba ruwan zafinta, ta saurara, ta koma. Rabon da ta ƙosa gari ya waye ta tafi aiki kamar yanzu har ta manta. Mijinta ya sayo mata alƙalami mai baƙin tawada, ya ce shi dai kada a kuskura a zana direbobi.

Sai ta yi zanen da ya fi kowanne ba da dariya, kuma shi ne ya jawo ɓacin rai.

Mai karɓar baƙi a ofishin wata yarinya ce da ake kira Auta, don ita ce ƙaramar ma'aikata. A 'yan makonnin nan kullum gyangyaɗi take a kan tebur. Anti Shiru ta zana wata mai karɓar baƙi da ta zana idanu a kan fatar idonta, tana sharar barci, baƙi sun yi layi suna yaba yadda take kallon mutum ba ƙiftawa. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Manaja ma ya gani. Bai yi dariya ba, ya wuce kai tsaye wurin karɓar baƙi, ya tarar da Auta ta kifa kai. Kafin azahar an ba ta takardar tuhuma, har da zancen kora.

A matakalar baya Anti Shiru ta same ta zaune, takardar a cinyarta. Ta zauna kusa da ita. Da ƙyar Auta ta buɗe baki, ta ce mijinta ne mota ta kaɗe, yana kwance a asibiti da karaya a ƙugu, ita ke jinyarsa ga kuma goyo, daga can take wucewa aiki. Ba ta gaya wa kowa ba don tana tsoron a ce ba za ta iya aikin ba.

Anti Shiru ta juyo ta fuskance ta. Ta ce ita ta yi zanen.

"Na sani, Anti," in ji Auta, ba tare da ta dube ta ba. "Kowa ya sani. Kullum ta gabana kike wucewa. Da kin tambaye ni."

Anti Shiru ba ta taɓa shiga ofishin gilashin nan ba sai an kira ta. Ranar ta ƙwanƙwasa da kanta. Ta tsaya gaban manaja ta yi maganar da ta fi duk wadda ta yi a ofishin tun zuwansa tsawo. Ta gaya masa halin da Auta ke ciki, ta ce laifin nata ne da ta ga mutum a gajiye ta mai da shi abin dariya, in kuwa akwai wanda ya cancanci takarda to ita ce. Manaja ya saurare ta yana juya biro. Ya ce shi ma ya daɗe da sanin mai zanen. Takardar Auta ta riga ta shiga fayil, ba zai cire ba, amma zancen kora ya wuce, kuma zai ba ta hutun jinya. Zane kuwa daga yau ba a ƙara manna shi a ginin. Har ta kai ƙofa ya kira ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, tsakani da Allah, kaina haka yake ƙanƙane?"

Ta dube shi da kyau, don ba ta iya amsa irin wannan tambaya da ka ba. Ta ce a'a, ranka ya daɗe, nektai ɗin ne ke cinye shi.

Da Auta ta dawo daga hutu, ma'aikata suka raba zaman teburinta da rana a tsakaninsu don ta samu ta ɗan runtsa. Dogo ya tsara, har mutumin nan na gobe ya karɓi nasa ba tare da ya ɗage ba. Amma tsakaninta da Anti Shiru sai gaisuwa sama-sama, kuma haka aka ɗauki watanni. Anti Shiru ta ajiye alƙalami. Mijinta ya lura, ya yi ta ba ta labarin fasinjojinsa ƙanana ko hannunta zai motsa, bai motsa ba.

Auta ce da kanta ta warware abin. Wata safiya ta shigo akurkin, ta ajiye wayarta a kan tebur da hoton mijinta yana dogara sanduna a harabar asibiti. Ta ce za a sallame shi, kuma tun da ya kwanta bai yi dariya ba, ko Anti za ta zana mata shi yana tsere da likitoci. Anti Shiru ta tambaye ta yadda yake tafiya, da abin da yake yawan faɗa, da wanda ya fi tsoro a cikin masu jinya. Suka daɗe suna magana. Zanen yana rataye a ɗakin su Auta yanzu.

'Yarta ta biyu, wadda ke karatun jinya, ita ta ce tunda an hana bango ai ba a hana waya ba. Ta ɗauki hotunan zane-zanen ta sa a intanet, ban da na mai barci, wanda uwar ta ce a bar shi. Ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa daga mutanen da ba su taɓa jin sunan kamfanin ba. Wani ma'aikacin banki ya rantse cewa a ofishinsu mai zanen take, domin Oga Taro ogansu ne sak. Wata malamar asibiti ta ce firintar tasu ce. Daga baya wata jaridar mako-mako ta nemi ta riƙa ba su ɗaya duk fitowa, kuma har yanzu tana ba su.

Anti Shiru ta ɗauki wata al'ada tun daga abin da ya faru da Auta. In ta ga hali a wurin mutum tana son zanawa, sai ta fara zuwa ta ji abin da ke bayansa. Wani lokaci ta fasa, wani lokaci ta samo abin da ya fi wanda ta gani ban dariya. Ta haka ta gano cewa Madam Kwafi ta taɓa shan tuhuma a kan saƙon da aka ce ba ta tura ba, sai ta zana ta tana sa manaja a kwafi a katin gayyatar bikin 'yarta, kuma matar da kanta ta ba da shawarar ƙarshen. Yanzu akurkin Anti Shiru ba ya rabo da baƙi. Masinja, direbobi, har mutanen wasu ofisoshi a ginin, kowa na zuwa da labarin da yake ganin ya isa a zana. Dokar hana leƙe ta mutu ba tare da an soke ta ba. Ana kiranta Anti Shiru har yau, ko da yake Dogo na ƙorafin cewa surutun maƙwabta ya hana shi aiki.

Da aka yi wa manaja canjin wurin aiki, ranar sallama ya zo akurkinta ya roƙi zanen kwamitin nan na ainihi, ya ce zai rataya a sabon ofishinsa don ya riƙa tuna masa a tashi taro da wuri. Ta ba shi.

Wadda ta gaje shi mace ce mai fara'a da saurin tafiya. A taronta na farko ta ce ta ji labarin mai zanen ofishin nan, har tana karanta ta a jarida, kuma ta mayar da izinin mannawa a lungun shayi. Sannan ta ƙara da cewa ita dai ba za a samu abin zanawa a jikinta ba, domin ba ta son dogon bayani, a taƙaice take magana. Ta ɗauki kusan awa guda tana bayyana yadda take taƙaita magana. Duk zauren aka juyo ana satar kallon Anti Shiru. Ita kuwa ta gyara tabarau, ta bari aka tashi, sannan ta bi sabuwar manajar har ofis don su gaisa sosai, ta ji daga inda ta fito.