Inna da cukun Bafaranshe

Inna ta ɗaga cukun da yatsu biyu, ta ce, "Ya waladi, ɗana, baƙonka ruɓaɓɓen abu ya kawo mana!"

Kakar dabino ce a Madina, ina saurayi. Wani Bafaranshe da ya musulunta, da nake tuƙawa a mota zuwa Khaibar, ya kawo tsarabar garinsu: cuku mai koriyar funfuna.

Don kada ya ji kunya, Inna ta kankare koren tas, ta aiko mana da farin haɗe da dabino.

Ya leƙa faranti, ya ce da Larabci, "Ya Hajja, ina koren? Ai shi ne daɗin!"

Daga bayan labule ta ce, "Kaji sun cinye, kuma ba su yaba ba."

Ya yi dariya har da hawaye.

Ashe abin alfaharinsa muka zubar don mu rufa masa asiri. Ku wace tsaraba ta taɓa rikita gidanku?