Mai Tuta a Tsohon Filin Jirgin Feshi

Jama'a, Allah ne shaidata, abin nan a kaina ya faru, ranar da saura ƙiris in ɗauki ran da bai san komai ba.

Shekarun da farar hula suka dawo mulki ne, Abuja tana ta cika da motoci, ni kuwa ina bakanike a Apo. In mun gyara mota mai ƙarfi ba ma gwada ta cikin gari, sai mu fita can bayan gari, wani tsohon fili da jiragen feshin gona suke sauka a da, an bar shi, ciyawa ta ci gefensa, amma kwaltar tana nan miƙe. Matan ƙauyen wurin suna shanya rogo a kai, kuma akwai ƙa'ida tsakaninmu: in sun yi shanya sai su gitta reshe a mashigar filin, mu kuwa in mun gani mu juya.

A ranar, bayan Azahar, muka je da abokin aikina Bitrus, mutumin Filato, da motar wani oga na ma'aikatar tarayya. Babu reshe. Bitrus ya ce, "Malam, ba ta wuta mana, kana tuƙi kamar za ka kai gawa." Na yi dariya, na yi bisimilla, na taka totur.

Filin yana da ɗan tudu a tsakiya, ba ka ganin bayansa sai ka hau. Muna tunkarar tudun sai wani wari ya cika motar, irin na maganin ƙwari, alhali gilasai a rufe suke. Sai ga mutum tsaye a tsakiyar kwalta, dogo, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, yana kaɗa farar tuta da hannu biyu. Wallahi ban ga ta inda ya fito ba. Na ce innalillahi, na danne birki, mota ta ja ta ja, ta haye tudun, ta tsaya.

Babu mutum. Abin da ke gaban tayarmu, bai fi taku ba, jaririya ce kwance a kan zane cikin inuwar buhuna, rogo shimfiɗe kewaye da ita. Uwarta ta sheƙo daga ciyawa tana ihu, ta sure ta. Ashe matan sun sa reshe, shanu ne suka janye shi.

Na ce, "Bitrus, ina mai tutar?"

Ya ce, "Wane tuta? Ni inuwan jirgi na gani ya wuce kanmu. Malam, duba sama, akwai jirgi?" Ya leƙa ta gilashi yana duban sama.

Matan suka taru, na ba su labarin mai tutar. Wata tsohuwa cikinsu ta sa na sake faɗa mata kamanninsa, sannan ta ce, "Ɗana, zamanin feshi akwai mai tuta, aikinsa ya kori mutane daga fili, in bai gama ba sai ya tsaya ya hana jirgi sauka. Maganin nan ya ci masa ƙirji. Ni ina budurwa aka binne shi." Na tambayi sunansa, ta ce ba a kiransa a filin.

Ni dai na san wanda ya mutu ba ya dawowa, haka muka karanta, kuma ban ce shi na gani ba. Allah Yana da rundunonin da ba mu sani ba. Amma da muka mayar da motar, oga ya leƙa ciki ya ce wa ya fesa maganin ƙwari a kujerunsa.

Ban sake komawa ba. Ku masu tuƙi, kada ku tayar da mota ba da sunan Allah ba, kuma in aka tsayar da ku a inda kuke ganin babu kowa, ku fara tsayawa tukuna, tambaya ta biyo baya.