Amfilifayar da Ta Hau Babur

Cikin duk kwanakin da na yi a bakin aiki, ban taɓa mantawa da Talatar da na sa shugabana ya ɗaga amfilifaya da hannunsa a tsakiyar kanti ba. Ku da kuka shigo aikin nan kuka tarar da 'yar sifika da ake yi wa caji kamar tocila, sai na ɗan koma baya kafin ku gane abin da ya kai mu ga haka.

A lokacin ina sashen wayar da kan manoma na yankin Kunci da Makoɗa, ina mataimakin jami'i a mataki na huɗu. A takarda Garba Usman nake, amma daga masinja har direba Garba Jita suka sani. Mu uku ne a sashen. Alhaji Ɗanlami shi ne shugaba, malamin gona ne na gaske, shi ke yin jawabi. Tanko yana kaɗa kalangu. Ni kuma ina kaɗa jita ina waƙa. Dalilin kiɗan mai sauƙi ne: manomi ba zai bar gonarsa don ya saurari lacca ba, amma idan ya ji kiɗa zai leƙo. Idan an taru, sai mu rera abin da ake so a sani a waƙe, yadda ake wanke iri da magani, ko yadda ake adana gyaɗa, sannan Alhaji ya miƙe ya karanta jawabinsa.

Ita jita irin tawa ba ta da murya sai an haɗa ta da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara sauti. Tamu muna kiranta Giwa. Ƙarti biyu ke ɗaga ta, su ma sai sun yi nishi. A cikinta akwai wasu kwalabe kamar ƙwan lantarki, sai sun yi zafi kafin ta yi magana. Ba ta aiki sai da janareta, janareta kuma sai da fetur. Amma fa idan ta buɗe baki, ana jin mu a ƙauyuka uku. Alhaji yana alfahari da ita ƙwarai. Ni ma, a gaskiya, ina son ta.

Sai shekarun wahala suka shigo, waɗanda komai ya yi tsada, fetur ya zama sai an kwana biyu a layi. Landirobar ofis ta hau kan duwatsu a gindin darbejiya, aka rasa taya, aka rasa batir, har kaji suka fara ƙwai a kujerar direba. Wata huɗu ba mu fita ko'ina ba. Mu zo da safe mu sa hannu a rajista, ni da Tanko mu yi ta dara har a tashi. Sau ɗaya muka gwada ɗora Giwa da janareta a amalanken shanu. Mun bar ofis da hantsi, muka isa ƙauyen bayan la'asar, muka tarar kwalba ɗaya ta fashe a hanya. Ni kuma wurin sauke Giwa bayana ya riƙe, na yi sati ina salla a zaune.

Ana cikin haka takarda ta zo daga hedikwata cewa za a rage ma'aikata. Duk sashen da ba ya fita fili za a rufe shi, kuma sufeto zai zo da kansa lokacin cirar gyaɗa ya ga abin da kowa ke yi. Sufeto, ga waɗanda ba su sani ba, jami'i ne da ke bin sassa yana rubuta rahoto, kuma abin da ya rubuta da wuya a sauya shi. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tanko yana da bakwai. Daga ranar muka tattara 'ya'yan dara muka zubar.

Abin hawan da ya rage mana shi ne babur ɗin Alhaji da keken Tanko. Na zauna na rubuta takardar neman izini cewa a musanya Giwa da amfilifaya marar nauyi wadda babur zai iya ɗauka. A ƙa'ida kayan gwamnati ba a fitar da shi haka nan. Sai shugaban sashe ya sa hannu, ɗan kwamitin duba tsofaffin kaya ya zauna ya amince, sannan mai sito ya cire shi daga jerin kayansa. Alhaji ya riƙe takardar kwana uku a aljihu kafin ya sa hannu. Da ya sa, sai ya ce, "Amma tare za mu je. Ba zan bari ka ɗauko mana abin wasan yara ba."

Da kwamiti da mai sito suka gama nasu, ranar Talata muka ɗora Giwa a bayan a-kori-kura, muka bi ta Ungogo muka shiga Kano, har wani kantin kayan kiɗa a Sabon Gari. Mai kantin ɗan ƙabilar Ibo ne, amma Hausarsa kamar a Fagge aka yanke masa cibi. Yana ganin Giwa idonsa ya buɗe, don masu manyan gidajen rawa suna neman irinta. Ya ce mu zaɓi duk wadda muke so a cikin jerin da ke jikin bango.

Alhaji bai yi wata-wata ba ya nufi wata mai fuskar azurfa da jajayen fitilu, wadda ba ta kai Giwa ba amma ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya dafa ta ya ce, "Wannan. Idan sufeto ya gan ta zai san hukuma ce ta zo."

Ni idona yana kan wata 'yar baƙa a can ƙasa, girmanta bai wuce akwatin rediyo ba, da mariƙi a ka. Na ɗaga ta da hannu ɗaya. Na juya bayanta na ga tana cin batir irin na tocila, kuma ana iya jona ta da batirin babur. Tana da ƙofa biyu, ɗaya ta jita, ɗaya ta makirufo, wanda shi ne abin da na fi tsoron rasawa. Na jona jitata na daki igiyar da ta fi kauri, don a nan ƙananan sifika ke tona asirin kansu, su fara zizar ƙudan zuma. Ba ta yi ba. Na ƙara murya har rabi, na jona makirufo na fara waƙa, na ce Tanko ya fita bakin titi ya saurara. Ya dawo ya ce yana jin kowace kalma, har da inda na yi kuskure.

Ba zan ɓoye muku ba, sautinta siriri ne. Giwa tana da wata murya mai kauri da kake ji a ƙirjinka, wannan kuwa a kunne kawai take tsayawa. Raina ya ɗan sosu. Amma na tuna wurarenmu: ƙofar gidan dagaci, gindin bishiya, zauren da mutum talatin suka cika shi. Ba filin ƙwallo muke zuwa ba.

Alhaji ya ce, "Garba, wannan ai ko 'yan kamu ba za su je da ita gidan biki ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda da zaɓinka. Alfarma ɗaya nake nema. Ka ɗauke ta daga nan zuwa bakin ƙofa, don in ga yadda za mu riƙa yi. Ka san kai ne mai babur, kuma inda rairayi ya tare mu, a ƙafa za mu ƙarasa."

Ya dube ni, ya dubi mai kanti, ya ga ba hanyar ja da baya. Ya naɗe hannun babbar riga ya rungumi mai fuskar azurfa. Taku na farko lafiya. A na uku hularsa ta zamo ta rufe masa ido ɗaya. A na biyar ya ce "Innalillahi" ya dire ta a kan wani ganga. Ƙofa tana nan da sauran taku goma. Tanko ya juya baya yana karanta kalandar bango, kafaɗunsa suna rawa.

Alhaji ya gyara hula, ya numfasa, ya ce, "Kai mugu ne, Garba. Ɗauko 'yar taka. Amma idan aka kore mu, kai za ka yi wa iyalina bayani."

Muka dawo da ita a cinyata cikin motar haya, ba wanda ya ce mu biya mata kuɗin kaya.

Bayan sati biyu sufeto ya iso, wani dogon mutum mai suna Malam Isiyaku, wanda ba ya dariya sai da dalili. Ya ce ba sanarwa, mu tafi yanzu. Muka zaɓi wani ƙauye gabas da Makoɗa inda muka sha zuwa da Giwa a da. Na ɗaure amfilifayar a bayan babur da robar taya, na rataya jita, na hau bayan Alhaji. Sufeto ya biyo mu a nasa babur ɗin da Tanko a baya.

Muka isa ƙofar gidan dagaci da hantsi, ba kowa sai awaki da wani tsoho makaho a kan tabarma. Ya ce duk gari an tafi gona, ana tsinkar gyaɗa. A da, idan haka ta faru, sai mu tada janareta mu saki Giwa, mutane su baro aiki su zo ganin ko lafiya. Alhaji ya harare ni harara mai kyau. Sufeto ya duba agogo, ya buɗe fayil, ya cire murfin biro. 

Na ce wa tsohon, "Baba, gonar da nisa?" Ya ce in na bi ta bayan rijiya zan hango ɗorawa, nan suke. Ban jira izini ba, na kwance roba, na ɗauki amfilifaya a hannu ɗaya na kama hanya. Sauran suka biyo ni, don ba su da abin yi da ya wuce hakan.

A gindin ɗorawar muka tarar da mutane kusan arba'in, yawanci mata da dattawa, kowa da tarin gyaɗa a gabansa yana tsinka. Muka yi sallama, mai gonar ya ce bismilla, amma fa aiki ba zai tsaya ba. Na ce ba sai ya tsaya ba. Na zauna a kan wani turmi da aka kifa, na ajiye akwatin a gefen ƙafata, na sa murya ƙasa-ƙasa. Tanko ya shigo da kalangu a hankali. Na fara waƙarmu ta kaka, wadda na rera a ƙauyen nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amshinta shi ne: ku shanya gyaɗa ta bushe, kafin ta shiga rumbu.

Ina amshi na biyu sai wata dattijuwa, da na ji ana kira Iya Tabawa, ta ɗaga hannu da reshen gyaɗa a ciki. Ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Me ka ce?"

Na tsaya na maimaita mata.

Ta riƙe baki ta ce, "Ashe shanya kuke cewa! Mu shekara da shekaru 'ku sha miyar gyaɗa' muke ji. Har muna cewa Allah ya saka wa gwamnati, ta turo mota da inji don ta tuna mana da miya."

Wurin ya kaure da dariya. Wani dattijo ya ce shi dai bai taɓa jin komai ba sai rurin inji, don a nesa yake tsayawa saboda kunnensa. Wata ta ce ai idan muka zo, goyo ake kwashewa a shige ɗaka. Na saci kallon Alhaji. Fuskarsa ta yi wani iri, don jawabansa na shekaru duk ta cikin Giwa suka bi.

Iya Tabawa ba ta gama ba. Ta ce, "To tunda yau ana jin ku, in tambaya. Bara na shanya tawa kwana biyar, amma da na buɗe buhu duk ta yi fumfuna. Yaya ake sanin ta bushe?"

Alhaji ya riga ya zaro takardar jawabi daga aljihu. Ya dube ta, ya mayar. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya tsuguna a gaban tarin gyaɗarta. Ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunnenta, ya ce ta saurara, busasshiya ƙwayarta tana kaɗawa a ciki, wannan kuwa shiru take. Ya ɓare ya sa a haƙori ya nuna mata bambanci. Ya ce kada a shanya a kan damshin ƙasa, kada a jingina buhu da bango. Tambaya ta biyo tambaya. Shekara shida ina aiki da mutumin nan, ban san ya san gyaɗa haka ba, don ban taɓa jin an tambaye shi ba. Ni da Tanko muka koma 'yan kallo, muna taya tsinka. Rabin waƙa kawai na yi a ranar.

Sufeto yana gefe yana ta rubutu. Da azahar ta yi muka yi salla a gefen gona, aka ba mu dafaffiyar gyaɗa, ya zuba tasa a aljihu ya hau babur. Bayan wata guda takarda ta zo. Ba a rufe sashenmu ba. Mai sito, wanda ya ga rahoton, ya ce abin da aka rubuta a kanmu layi biyu ne, kuma na biyun cewa ya yi mu kaɗai ne sufeto ya ga manoma sun katse mu da tambaya.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Kayan aiki ba don idon babba ake zaɓensa ba, don wurin da za a kai shi ne da mutanen da za su zauna a gabansa. Mutanen ƙauye suna da kunya da kawaici. Za su tsaya su kalle ka awa guda, su yi maka godiya, su raka ka har bakin hanya, ba tare da sun gaya maka ba su ji ko kalma ɗaya ba. Don haka idan kun je fili kuka gama aka yi tafi, ba wanda ya ɗaga hannu ya ce ku tsaya, kada ku rubuta cewa taro ya yi kyau. Ku rage murya, ku matsa kusa, ku sake farawa.