Dda Bihi da Munduwar Lalla Ijja

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta cikin ganuwar Tiznit ya san ƙarar zuga-zugin Dda Bihi. Da an idar da sallar asuba zai haura soron gidansa ya hura gawayi, matarsa Lalla Rkiya tana ƙasa tana mita wai hayaƙinsa ya ɓata mata shanya. Shekara da shekaru tana wannan mitar, shi kuma yana ba ta haƙuri ba tare da ya fasa komai ba.

Sana'arsa tace tsohuwar azurfa. Mata kan kawo masa karyayyun mundaye, ɗan kunnen da abokinsa ya ɓata, zoben da ya lotse. Kowanne sai ya goga shi a jikin wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya duba kalar zanen, sannan ya ware: mai kyau gefe guda, mai gauraye da jan ƙarfe gefe guda. Daga nan ya narka su da dalma a kaskon toka, dalmar ta janye dattin, azurfa ta fito fara tas. Yanzu ido ya yi rauni, ƙirji ma ya fara ƙorafi, 'ya'yansa sun tilasta masa kashe wutar a watan jiya. Shi ya sa na ga bai kamata mu yi shiru ba.

Mutumin nan bai iya lallashi ba, in gaya muku gaskiya. In dutse ya ce kayanki gwangwani ne, haka zai faɗa miki, ko da ke surukarsa ce. Mata da yawa sun sauko daga soron nan suna tsaki, amma da buƙata ta taso wurinsa suke komawa.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa ya faru ne lokacin bikin Tuda, jikar Lalla Ijja. Tsohuwar ta tattaro azurfar gidansu kaf, ta uwa da ta kaka da ta gwaggo, don a tace a ƙera wa amarya manyan mundaye. Ɗanta Yidir, uban amarya, shi ya ɗauko mata ƙullin, suka hau soron tare. A ciki akwai wata siririyar munduwa da mahaifinsa marigayi ya ba Lalla Ijja ranar aurensu. Yidir yana yaro uban ya rasu, kuma kusan duk abin da ya riƙe na uban shi ne labarin munduwar nan.

"Dda Bihi, fara da wannan," in ji shi. "Ta Baba ce. Ka goga ka ga irin azurfar mutanen da, ba ta yanzu ba."

Dda Bihi ya goga, ya ɗiga ruwa. Zanen ya koma kore. Rabinta ma ba azurfa ba ce. Ya ɗago kai zai yi magana yadda ya saba, sai ya haɗa ido da tsohuwar, ya ga ta kafe shi da kallo.

"Kai Yidir," ya ce, "ka zo gidan mutane ka tsaya a kansu kamar mai gadi. Sauka ka ce wa Rkiya maƙogwaron baƙi ya bushe, ta ɗora shayi."

Yana sauka tsohuwar ta matso. "Ba sai ka faɗa ba, Bihi, na sani. Tun makon farko ta mayar mini da hannu kore. Shekarar fari ce, abin da ƙarfin mijina ya kai ke nan, kuma har ya koma ga Allah bai san na gane ba. Kada ka zubar masa da mutunci a gaban yaron nan."

"Lalla Ijja, kin san ba na ƙarya a kan dutse."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ai kai ne gwani, sai ka san yadda za ka yi."

Yidir ya dawo da tiren shayi yana murmushi. "To, yaya ta Baba?"

Dda Bihi ya ɗauki munduwar ya ajiye ta ita kaɗai a gefe. "Wannan ba za ta shiga kasko da sauran ba. Waɗancan in na tace su za su fito da laushi, 'yarka ta sa yau gobe su lanƙwashe. Sai a ƙarshe zan zuba ta mahaifinka, ita ce za ta ba su ƙarfi."

Kuma gaskiya ya faɗa, don tsantsar azurfa ba ta jure hannu sai an sa mata ɗan jan ƙarfe. Yidir ya sauka yana share hawaye, ya cika unguwa da labarin cewa munduwar ubansa ce ta riƙe ta dangi duka.

Dda Bihi bai taɓa buɗe baki a kan wannan ba, ko ga Lalla Rkiya, wadda har yau take jin haushin hakan. Lalla Ijja ce da kanta ta ba 'ya'yanta labarin a ciwonta na ajali, ta ce sun girma, su san ubansu talaka ne kuma ta so shi a haka. Bayan an share makoki Yidir ya hau soron.

"Dda Bihi, ashe wayo ka yi mini."

"Wace kalma ce ƙarya a ciki?"

Yidir ya durƙusa ya sumbaci kan tsohon.

Kai ne, Dda Bihi, mai ido a kan dutse, mai hannu a cikin wuta. Kai ne ka nuna mana cewa mutum zai iya ƙin ƙarya kuma ya rufa wa mamaci asiri a zama ɗaya. Mun gode. Allah ya ba ƙirjinka lafiya, ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Ku kuma da kuka rage a sana'ar, da ma mu duka da gaskiyar wani kan faɗo hannunmu, mu yi koyi da shi. Kafin ku faɗi abin da dutse ya nuna, ku ɗaga kai ku dubi fuskar mai kayan.