Baiwa Mai Gumi da Farfaɗiya

A unguwarsu a Argungu ba wanda bai san Baiwa mai gumi ba. Shekara ashirin tana jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta turara a rabin duro, ta shanya a tsakar gida, sannan a kai inji. Shinkafarta ba ta karyewa, ba ta wari, shi ya sa masu sari daga Birnin Kebbi suke tsallake gidaje huɗu su yi sallama a nata. Mijinta Sirajo manomin albasa ne a fadama, mutum mai sanyin hali, ba ya son hayaniya.

Tana da shekara arba'in da ɗaya sanƙarau ya kwantar da ita a wata bazara. Ta tashi, kowa ya yi barka. Bayan wata bakwai, tana cikin baza shinkafa a rana, sai ta yi wata ƙara ta faɗi, jikinta ya sanƙare, ya kama karkarwa. Da ta farfaɗo ta tarar da mata a kanta, wata tana cusa mata cokali a baki, wata tana shaƙa mata albasa. Aka ce iska ce. Ta sha rubutu, aka yi mata hayaƙi, abin ya yi shiru wata uku. Daga nan ya dawo, sau ɗaya a wata, har ya koma kowane mako.

Ranar da ya kayar da ita a gefen murhu, hannunta na hagu ya kwanta a kan garwashi har sai da maƙwabciya ta jiyo ƙauri. Washegari yayarta Laure, wadda ke aure a Nasarawa cikin Birnin Kebbi, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗaki ko mayafi ba ta cire ba.

"Sirajo, hayaƙin ga ya isa haka nan," in ji ta. "Asibiti za mu da ita, yau ɗin ga."

Likitan ya yi tambayoyi masu yawa, ya sa aka yi gwaje-gwaje, sannan ya ce farfaɗiya ce, wataƙila tabon da sanƙarau ya bari ne a ƙwaƙwalwa. Ya rubuta ƙwaya, safe da yamma, ba fashi. Ya ce in ta faɗi a kwantar da ita a gefe ɗaya, kada a sa mata komai a baki, kada a danne ta, in kuma abin ya wuce minti biyar a kawo ta da gaggawa. Sai ya juya ga Baiwa.

"Hajiya, ke da wuta sai daga nesa. Haka rijiya, haka gulbi."

"Likita, wuta ita ce sana'ata," ta ce.

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Sirajo ya bi maganar likita fiye da yadda likitan ya faɗa. Ya sa wa rijiya murfi da kwaɗo. Ya cire sakatar banɗaki don kada ta faɗi a ciki a rasa yadda za a shiga. Durorin gumi uku ya ba matar ƙanensa. Ya hana ta hawa kabu-kabu, ya hana ta fita ita kaɗai. In zai tafi fadama sai ya kira maƙwabciya ta zauna da ita. Ko alwala ta daɗe, sai ta ji an ce, "Baiwa, lahiya?"

Da ta matsa ya kai ta wani suna, a can ta ga abin da ya fi kwaɗon rijiya ciwo. Matan da suka shekara suna cin tuwo kwano ɗaya da ita suka zuba mata nata daban, aka kawo mata ruwa a wata tsohuwar moɗa. Wai yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ciwon. Likita ya riga ya faɗa mata ba gaskiya ba ne, amma wa za ta tsaya yi wa bayani a gidan suna? Ba ta sake zuwa taro ba.

Ƙwayar tana sa ta kasala, kanta ya yi nauyi kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Da ta yi wata biyu ba ta faɗi ba, sai ta ce a ranta ta warke. Ta riƙa karɓar ƙwayar daga hannun Sirajo tana zubawa a bayan randa. A kwana na tara, da hantsi, abin ya zo sau uku a jere, ba ta farfaɗo a tsakani ba. A bayan motar albasa aka kai ta Birnin Kebbi. Kwana shida ta yi a gadon asibiti.

Likitan bai yi mata faɗa ba. Ya ce dakatar da maganin kwatsam ya fi komai haɗari. Ya ƙara mata ƙwaya ta biyu, ya roƙi Sirajo ya ɗauki faɗuwa ta gaba a waya don ya ga irinta. Da abin ya sake zuwa, Sirajo ya ɗauka. Da Baiwa ta ji labari ta miƙa hannu.

"Malam, ba ni in gani."

"Mi za ki gani ciki? Bar shi."

"Kowa ya gane ni haka, ni kaɗai ban gani ba. Ba ni."

Ta kalli matar da ke birgima a tabarma, idanu a juye, zani ya zame, har hoton ya ƙare. Ta mayar masa da wayar. Tun daga ranar ba ta sake zubar da ƙwaya ba, ba ta kuma sake tambayar makullin rijiya ba.

Yanzu abin yana zuwa sau biyu ko uku a wata. Likita ya ce ci gaba ne. Takan ji wani ɗaci a baki kafin ya zo, sai ta yi maza ta kwanta a tabarma ta jira shi.

A damunar bana 'yarta ta fari, Zuhura, ta haihu. Bisa al'ada gidan uwarta za ta yi wankan jego, amma wa zai dafa ruwan, wa zai wanke jariri? Dangi suka yanke a kai ta Nasarawa wurin Laure. Ba a tambayi Baiwa ba, an dai sanar da ita.

Ranar suna Sirajo ya ɗauki shatar mota ya kai ta. Aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa, aka jera matasai kewaye da ita, sannan Laure ta ɗora mata jaririn a cinya, ta durƙusa a gabanta hannuwa a buɗe.

"Yaya, ɗan matsa kaɗan," in ji Baiwa. "Ina jin shi in zai zo."

"Na sani," Laure ta ce, amma ba ta matsa ba.

Baiwa ta riƙe jikanta har ya yi barci. Da la'asar ta yi, Sirajo ya leƙo ya ce lokacin magani ya yi, kuma direba yana jira. Ta miƙa yaron, ta haɗiye ƙwayar da ruwan leda, suka kama hanyar Argungu.